Kada Mu Yi Wa Iyayenmu Alkawarin Ƙanƙara

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, a taron ƙungiyarmu ta kimiyya an yanke shawarar mu haɗa firji da hannunmu, mu riƙa sayar da ƙanƙara da bazara. Har an ce kowa ya karɓo gudummawa daga gida. Ni kaɗai na ƙi ɗaga hannu, aka yi ta yi mini dariya. To, ga hujjata.

Abin da za a yi aikin da shi wani ɗan faifai ne fari mai faɗin santimita 4. Ana ce da shi Peltier, sunan wani Bafaranshe maƙerin agogo wanda ya gano sirrin a 1834. In aka jona masa batir mai bolt 12, sai fuska ɗaya ta yi sanyi, ɗayar ta yi zafi. Ba gas, ba ƙarar inji. Ni ma ranar da na fara taɓa shi sai da na riƙe baki.

Amma fa zafi kawai yake kwasowa daga wannan fuska ya zuba a waccan, ya kuma ƙara da na wutar da yake sha. In ba a janye zafin nan da sauri ba, sai ya komo ta cikin faifan. Na gwada a gida da fankar tsohuwar kwamfuta. Ruwan kofi ya yi sanyi, amma ko alamar daskarewa bai yi ba, ƙarfen baya kuwa har ya ƙona mini yatsa. Ina ga ranar da zafin gari ya kai digiri 40?

Mu yi lissafi yadda Malam ya koya mana. Kafin lita ɗaya ta ruwa mai digiri 30 ta sauko sifili, sai an cire mata kilojul 126. Kafin ta daskare kuma sai an cire wasu 334. Jimla 460 ke nan. A ce faifan yana jan zafin wat 10, wanda ma an yi masa adalci, aikin zai ci awa 13, yana shan amfiya 5. Batirin mota guda ya tafi a kan lita ɗaya! Nawa za mu sayar da ita?

Ba cewa na yi a watsar da aikin ba. A 1838 wani masani, Lenz, ya daskarar da ɗigon ruwa ta wannan hanya, mu ma za mu iya fin haka. Mu yi ɗan akwati kamar gwangwanin madara, mu lulluɓe shi da soso mai kauri, mu riƙa sanyaya bayan faifan da ruwan randa maimakon fanka. Cokali guda na ruwa ya ishe mu nuna wa baƙi ranar raba kyaututtuka. Faifai ɗaya ko biyu kuɗin ƙungiya ma zai saya, ba sai mahaifina ya taɓa kuɗin takinsa ba.

Ina roƙon shugaban ƙungiya ya sake kiran taro kafin a fara karɓar kuɗin.