Darasin Horon Santsi: Gwaninta Ba Ta Hana Mota Zamewa

A ƙasashen Turai masu ƙanƙara akwai filaye na musamman da ake jiƙa da ruwa, inda masu sha'awar mota ke biyan kuɗi su wuni suna koyon yadda ake tare mota idan ta zame. A Suwidin ma ba a ba mutum lasin sai ya shiga irin wannan fili.

To amma abin da ya faru a Norwe ya isa abin lura. Ƙasar ta wajabta horon ga sababbin direbobi a 1979, sai binciken da aka fitar a 1988 ya nuna cewa haɗarin samari a kan santsi ƙaruwa ya yi. Dalili kuwa shi ne sun ɗauka sun ƙware, sai suka ƙara gudu. Shi ya sa a yau ake amfani da filin wajen nuna wa direba irin nisan da mota ke ci kafin ta tsaya a jiƙaƙƙen titi.

Wannan ya shafi 'yan kasuwarmu da ke ɗora dukiyarsu a kan manyan motoci daga Jibiya zuwa Maraɗi, ko daga Illela zuwa Ƙonni. Ruwan farko na damina yakan haɗu da ƙura da baƙin mai, kwalta ta yi santsi, kuma motar da aka yi wa lodi fiye da kima ba ta jin birki da wuri.

Don haka kafin mai kaya ya yaba gwanintar direba, ya dubi tayoyi da nauyin lodi, ya kuma daina matsa masa a kan lokacin isa kasuwa. Sauri dai ya haifi nawa.