Dara Ba Ta Rasa Gwanaye Ba, Marubuta Ta Rasa

A watan Yulin 1972, a birnin Reykjavik na ƙasar Aisland, Bobby Fischer na Amurka ya zauna wasa na shida da Boris Spassky na Tarayyar Sobiyet a gasar kambun duniya ta ches, wadda wasu ke kira darar Turawa. Duniya ta san Fischer da buɗe wasa da ɗan da ke gaban sarki. Ranar sai ya sauya, ya bi wata hanyar da ba a saba ganinsa a kanta ba, ya kuma yi nasara, har Spassky ya taya 'yan kallo tafa masa. Yau duk mai so zai iya maimaita wasan nan taki bayan taki, domin a rubuce yake.

A ƙauyukan Ɗambatta da Bichi, idan an kai amfanin gona rumbu, dattawa kan haƙa gidaje 30 a ƙasa, biyar sau shida, wannan ya riƙe tsakuwa 12, wancan guntayen kara 12. Kafin a fara motsi, sai kowa ya dasa 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya jera uku ba. A wannan dashen ake cin wasa ko a faɗi, domin gidaje shida kacal suka rage, kuma wanda ya yi sakaci da su tun farko, dara ta ci gida. Wannan shi ne buɗe wasa, daidai da na ches.

Bambancin ba na basira ba ne. Hukumar FIDE, wadda aka kafa a Faris a 1924, ta karɓi ma'aunin Elo a 1970 don auna ƙarfin 'yan wasa, an kuma rarraba hanyoyin buɗe ches gida 500, kowace da lambarta. Gwanin dara kuwa da zarar ya tashi, iska ta shafe gidajen. Ranar da ya rasu, iliminsa ya bi shi kushewa.

Gyaran ba ya buƙatar kasafin gwamnati. A ba kowane gida harafi da lamba, malamin firamare ko ɗalibin Jami'ar Bayero ya zauna gefen dattawan da littafi da biro, ya rubuta dashen kowa. Daga nan ne za a iya kwatanta gwanin Bichi da na Maraɗi, a kuma koyar da yaron da bai tarar da su ba.