Daga Bakin Hanya: Dutsen da Aka Mayar Gida

A wannan wata muna rubuto muku daga Alice Springs, wani gari a tsakiyar hamadar Ostareliya. Daga nan zuwa Adelaide a kudu kamar kilomita 1,500 ne, haka kuma zuwa Darwin a arewa. Da ɗakinmu muka zo, irin mai ƙafafun da ake ɗaurawa a bayan mota. Akwai gado a ciki, da murhu, da tankin ruwa. Inda dare ya yi mana, nan ne gida. Yaran ma sun raɗa masa suna Kunkuru.

Mun fara da tsohuwar tashar wayar tangaraho, ginin dutse a bakin wani kogin da yawancin shekara yashi ne kawai. A 1872 aka gama jan waya daga kudu zuwa Darwin, a kan turaku wajen 36,000. Kafin nan wasiƙa takan yi watanni a jirgin ruwa kafin ta kai Ingila. Da wayar ta samu, sai labari ya riƙa isa cikin sa'o'i. Daga baya raƙuma ne suka yi ta ɗauko kayan garin, har jirgin ƙasa ya iso a 1929.

Amma akwai abin baƙin ciki a wurin. Daga 1932 zuwa 1942 gwamnati ta mai da tashar gidan ajiye yara 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin, waɗanda uwa ko uba Bature ne. Da yawansu ƙwace su aka yi daga hannun uwayensu, wai don a koya musu zaman Turawa. Ƙaramarmu ta dubi hotunansu ta ce, “Mama, to wa ke yi musu tatsuniya da dare?” Muka rasa amsa. Sai a 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya roƙi gafararsu a madadin ƙasa.

Kashegari muka shiga Adelaide House, asibitin farko na garin, wanda aka buɗe a 1926. Wani fasto, John Flynn, shi ya tsaya har aka gina shi. Dabarar sanyaya shi ta burge mu. Iska tana bi ta ƙarƙashin ginin, ta ratsa jiƙaƙƙun buhuna, ta haura ɗakin marasa lafiya da sanyinta, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Shi ne kuma ya kafa aikin likita mai zuwa da jirgin sama a 1928, don makiyayan da ke nesa da magani. Har yau aikin yana tafiya, hotonsa kuma yana kan takardar dala 20 ta ƙasar.

Da yamma muka je kabarinsa, yamma da gari kaɗan. Ya rasu a 1951. Masoyansa suka ɗauko wani ƙaton dutse mulmulalle daga Karlu Karlu, kilomita wajen 400 a arewa, suka ɗora masa. Sun yi da kyakkyawar niyya, amma ba su tambayi masu wurin ba. Ashe wurin mai tsarki ne ga Aborijin na can. Shekaru suka yi ta roƙo. A 1999 aka mayar musu da dutsensu, mutanen Arrernte, masu ƙasar Alice Springs, suka ba da wani nasu a madadinsa. Wanda muka gani ke nan.

Da dare, muna shan shayi a ƙofar Kunkuru, maganar ta ƙi barinmu. Mutum yana iya yin alheri da hannun dama, ya yi ɓarna da hagu bai sani ba. Neman gafara yana da kyau, amma Zakka bai tsaya a baki ba, sai da ya mayar da abin da ya karɓa.

To, iyaye, ko akwai wani dutse a gidanmu da ba namu ba? Kan iyakar gona da aka matsa, ko gādon maraya, ko bashin da aka yi shiru a kansa? Mu mayar tun muna da rai, 'ya'yanmu suna kallo.

Gobe da asuba za mu cika tanki mu nufi arewa. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.