Kada A Sare Tsohon Wardi

'Yan'uwa manoma, bara an sare wani tsohon wardi mai hawa da ke jikin bangon majami'ar wani ƙauye, domin a gina ɗakin ajiyar taki. Ɗakin ajiya abu ne mai kyau. Abin da ya ba mu haushi shi ne ba wanda ya yanki ko reshe ɗaya ya dasa kafin a sa gatari. Irin wardin nan ba a cika samunsa a kasuwa ba. Yana nan ne a tsofaffin gidajen mishan da harabar asibitoci a tudun Jos, kuma kowace shekara sai raguwa yake yi.

Ana ce masa wardin shayi, wai don ƙamshinsa ya yi kama da na ganyen shayi. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, an kai shi Ingila wajen 1810. Daga baya masu lambu a Faransa suka fitar da masu hawa, kamar Gloire de Dijon na 1853, mai fure ruwan ɗorawa-ɗorawa, wanda yakan hau har mita 4 ko 5. A Turai sanyin hunturu yana wahalar da shi. A wurinmu kuwa, inda tudu ya kai mita 1,200, ga rana ga iska mai sanyi, yakan yi fure ya sake yi.

Mun san abin da wani zai ce: fure ba ya cika rumbu. Haka ne. Wani kuma zai ce ruwan da matanmu ke ɗebowa da rani bai kamata a zuba wa fure ba, kuma wannan magana tana da nauyi. Amma gindi ɗaya muke magana, ba gona ba. Ruwan wanke kayan miya da na ɗauraye ƙwarya ya ishe shi, in an rufe gindin da busasshiyar ciyawa. A ranar aure ko bikin godiya na kaka, kuɗi nawa muke kashewa kan furen roba? Amma a ƙasa mai zafi ƙwarai, inda rijiya kan ƙafe tun watan Maris, ba mu ce kowa ya wahalar da kansa ba.

Dasa shi kamar dasa rogo ne, sai dai yana son haƙuri. Da farkon damina a yanki reshen da bai daɗe da gama fure ba, mai kaurin fensir, tsawon kamar taƙi ɗaya. A cire ganyen ƙasa, a bar biyu a sama, a kafa shi cikin yashi gauraye da ƙasa, a inuwa. A kafa goma, don ba duka za su kama ba. Bayan wata ɗaya zuwa biyu saiwa takan fito. A ramin dashe a sa kashin shanu wanda ya ruɓe sarai, a riƙa duba gara, a kuma yi masa shinge, gama akuya ba ta tsoron ƙayarsa.

Kuskuren da muka fi gani shi ne datsa. Mutum ya ga yadda ake yi wa wardin zamani, sai ya zo ya yanke wannan har gwiwa. Shi ba ya son haka: yakan yi shekara yana jinya. A cire busassun rassa kawai, dogayen kuma a kwantar da su a ɗaure jikin rumfa ko danga, domin reshen da ke kwance ya fi na tsaye fitar da fure. Ganyen da ya yi baƙin tabo da damina a tsince a ƙone.

Muna roƙon kowace ƙungiyar gama kai ta zaɓi mutum biyu, su nemo inda tsohon gindi ya rage a gundumarsu, su roƙi mai shi rassa kafin ruwa ya zauna.