Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Bunƙasa Kiwo kan Ƙasar Tsaunukan Biu

Mai girma Minista,

 

Ranka ya daɗe, tun da aka kafa wannan ma'aikata a 2024 muke jin maganar farfaɗo da wuraren kiwo da shuka ciyawa a cikinsu, kuma mun yi murna. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne fargabar kada a kawo aikin tudun Biu da ke kudancin Borno, a kuma yi shi da ka, ba tare da an san irin ƙasar da za a zuba iri a kanta ba. Na yi aikin malamin gona a yankin, kuma har yau 'yan uwana a can suke kiwo.

Duk wanda ya hau tudun Biu ya ga tsaunukan nan masu kama da kifaffiyar ƙwarya. Tsofaffin duwatsu ne masu aman wuta da suka daɗe da mutuwa, Tafkin Tilla ma a bakin ɗaya daga cikinsu yake kwance. Abin da suka amayar, toka da tsakuwa da narkakken dutse, shi ne uwar ƙasar wurin, amma ba iri ɗaya ta fito ba. A saman tsauni tsakuwa ce ja ko baƙa mai huji-huji, ruwa na zuba yake zurarewa. A ƙugunsa ƙasa ce mai laushi, mara nauyi, wadda in ka jiƙa ta ka murza sai ta yi santsi a yatsa ba tare da danƙo ba. A gindi kuwa baƙar laka ce mai nauyi, mai tsagewa da rani har ƙafar ɗan maraƙi ta faɗa. Tafiyar ɗan lokaci ce a ƙafa tsakanin ukun nan.

Wata shekara wani ofishi, ba zan kama suna ba, ya kawo mana aikin shuka gamba a wani gangare da makiyaya ke sauka da rani. Takardar da aka ba ni ta kira ƙasar wurin gaba ɗaya baƙar laka, ta kuma yanka buhunan takin sufa da kamfa da za a watsa a kowace hekta. Na rubuta na ce ƙasar ƙugun tsaunin ba laka ba ce, a ɗebi samfuri a gwada tukuna. Aka ce kuɗin gwaji ba ya cikin kasafi, damina kuma ba ta jiran kowa. Wani dattijon makiyayi ya ja ni gefe ya gaya mini cewa tun zamanin iyayensa ba a sa garma a wannan gangare, domin in aka yaye ciyawar da ke kansa ƙasar ba ta zama. Na isar da maganarsa, ba a ko rubuta ta ba.

Tarakta ta zo ta yi huɗa daga sama zuwa ƙasa, bin gangare, saboda haka ya fi wa direba sauƙi. Ƙasar ta sha rana kafin ruwa ya sauka, ta zama gari, iska ta ɗebi rabonta. Da ruwan farko mai ƙarfi ya zo, kowace kunya ta zama magudana. Washegari na tsaya a gindin tsaunin ina kallon irin gamba da ƙwayoyin taki a kwance cikin tabo a gonar wani bawan Allah, tabon ya binne dawarsa da ta fara tsiro. Inda ƙasar ta tsira, gambar ta fito a tsumbure, ganyenta na ja-ja, alamar yunwar fosfaras, alhali an zuba mata sufa. Kwazazzabon da ya buɗe a wannan daminar yana nan, ya kuma yanke hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rahoton ƙarshe, wanda ya ɗora laifin a kan makiyaya, cewa sun saki dabbobi da wuri.

Ranka ya daɗe, wannan ba sabon ilimi ba ne. Masana sun ware wa ƙasar tokar aman wuta ajinta na daban, Andosol a tsarin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Andisol kuma a tsarin Amurka tun 1990. Cikakkiyarta ba ta wuce nauyin giram 0.9 a kowane santimita kubik ba, alhali ƙasar gona ta yau da kullum tana kai 1.3 ko fiye, kuma tana riƙe kashi 85 cikin 100 ko sama na fosfaras ɗin da aka gwada ta da shi, ta hana shuka samu. A wurare masu dogon rani tokar ba ta saurin ruɓewa, don haka ake samun wadda ba ta gama nuna ba, mai ɓarɓashin gilashin dutse, wadda ba ta kai waccan kama fosfaras ko riƙe ruwa ba. Ido kaɗai ba ya raba su da baƙar laka. Akwai gwaji mai arha da ake fara yi tun a daji, a ɗiga sinadarin sodiyam fulorayid a kan ɗan ƙasa bisa takardar gwaji, in ta rine ta yi ja sai a aika da samfurin ɗakin bincike. Wannan ɗan gwajin aka ce babu kuɗinsa.

A ganina tushen matsalar taswira ce. Binciken ƙasa na gama-gari da gwamnatin tarayya ta fitar a 1990 an zana shi ne a ma'aunin da santimita ɗaya ke wakiltar fiye da kilomita 6. A irin wannan takarda ƙaramin tsauni ɗigo ne, samansa da ƙugunsa da gindinsa duk launi ɗaya. Wanda ke zaune a ofis ba shi da abin dubawa sai ita, ga kuma ƙyashin tambayar mutanen wuri.

Roƙona kaɗan ne. Kafin a kashe ko sisi a kan ciyawa a tudun Biu, ma'aikatarka ta haɗa kai da jami'o'inmu a haƙa ramukan bincike daga kan tsauni zuwa gindinsa, a tantance ajin kowace ƙasa, a rubuta sakamakon da Hausa da Bura da Fulfulde. A hana tarakta hawa gangare. A jera duwatsu a gicciye su tare ƙasa, kamar yadda Furawa suka daɗe suna yi a Jabal Marra ta Darfur, inda ƙasar toka ce ita ma. Taki kuma a sa shi kusa da iri tare da kashin shanu maimakon a watsa. Yankin Kerang da Panyam na Jihar Filato yana da irin waɗannan tsaunuka, a haɗa da shi.

Na sha rubuta irin wannan takarda ba amsa, har na fara cire rai. Amma ma'aikatarka sabuwa ce, ba ta riga ta zuba kuɗinta a gangaren ba. Ina roƙon ka turo masana ƙasa Biu da ranin nan, su zauna da arɗo-arɗo da masu unguwanni kafin a sayi iri.

 

Naka,
Wani tsohon malamin gona, daga Biu