Baƙon Gari Daban, Baƙon Ƙasa Daban: Darasi Daga Shari'ar Shugaba Darman



A wannan fitowa ina so in ja hankalinmu kan wata magana da muke yawan ji a kasuwa da tasha da wajen neman takarda, wato kalmar "baƙo". Bahaushen da kakansa ya taso daga Kano ko Katsina ko Haɗejiya ya zauna a Borno, har gobe ana iya ce wa jikansa baƙo. Wannan baƙuncin gari ne, kuma mun saba da shi. Haɗarin yana zuwa ne ranar da wani mai iko ya mayar da baƙon gari ya zama baƙon ƙasa, ya ce a tasa ƙeyarsa zuwa Nijar ko Chadi. Ra'ayina shi ne doka ta tanadi kariya daga irin wannan kora, amma kariyar tana aiki ne ga wanda ya shirya hujjarsa tun kafin ranar ta zo.

Ba sai mun je nesa neman misali ba, domin a nan Maiduguri aka yi shari'ar da ta fi kowace shahara a kan wannan batu. Ranar 24 ga Janairu, 1980, jami'an shige da fice suka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim. Suka fitar da shi daga ƙasa zuwa Chadi bisa takardar kora wadda ministan harkokin cikin gida na gwamnatin Shehu Shagari, Alhaji Bello Maitama Yusuf, ya sa wa hannu. Dalilin da aka bayar shi ne wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne, tun da asalin mahaifinsa daga Chadi yake.

Magoya bayansa ba su tsaya zagi da kuka ba, sai suka garzaya Babbar Kotun Maiduguri. Mai shari'a Oye Adefila ya saurari shaidu, aka nuna cewa mahaifiyarsa 'yar ƙasar nan ce. Kotu ta soke takardar korar, ta ce an tauye masa haƙƙi, ta kuma yanke a biya shi diyyar naira 350,000, a lokacin da naira take da daraja. Gwamnatin tarayya ta ɗaukaka ƙara zuwa Kaduna, can ma a 1982 aka tabbatar da cewa ba a korar ɗan ƙasa daga ƙasarsa.

To jama'a, idan har an iya ɗauke shugaban masu rinjaye, mai jam'iyya da gwamna da manyan lauyoyi a bayansa, ina ga mai sayar da goro ko mai turin ruwa? Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga abin da doka ta ce a yau. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a cikin ƙasa, ya kuma hana a kore shi daga ƙasar ko a hana shi shigowa. Sashe na 25 kuwa ya fayyace wane ne ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa. Wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun 'yancin kai a 1960, ya isa a ce ɗaya daga cikin iyayensa ko ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan ƙasa ne. Wanda aka haifa a waje, ko a Maraɗi ko a Fort Lamy ta da, in mahaifinsa ko mahaifiyarsa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne. A lura da kyau: uwa tana ba ɗanta zama ɗan ƙasa kamar yadda uba yake bayarwa. Amma kuma a lura da ɗaya gefen, haihuwa a cikin Nijeriya ita kaɗai ba ta wadatar ba idan iyaye da kakanni duk 'yan wata ƙasa ne.

Wannan ya kawo mu ga 'yan'uwanmu da muke salla sahu ɗaya, waɗanda suka zo daga Damagaram ko Tawa ko Diffa. Harshenmu ɗaya, amma a gaban doka takardarmu ta bambanta, kuma ɓoye wannan gaskiya ba taimako ba ne. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shigowa ya yi kwana 90 ba tare da biza ba, wanda zai zauna fiye da haka sai ya nemi takardar izinin zama a ofishin shige da fice. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, kuma a lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun mutanensu har zuwa wani sabon umurni. Alfarmar da aka rataya da "har zuwa wani umurni" ba abin jingina ba ce. Chadi da Kamaru kuwa ba su taɓa zama cikin ECOWAS ba.

Duk da haka, baƙon ƙasa ma yana da haƙƙi. Sashe na 35 na tsarin mulki ya shafi kowane mutum, ɗan ƙasa da wanda ba ɗan ƙasa ba. Wanda aka tsare dole a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Sashe na 46 ya ba shi damar kai kuka Babbar Kotu, ko an riga an tauye masa haƙƙi ko ana shirin tauyewa, kuma lauya na iya roƙon kotu ta dakatar da korar har a gama shari'a. Yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, wadda Nijeriya ta mayar da ita dokar gida a 1983, ta ce baƙon da ya shigo bisa ƙa'ida ba a korarsa sai da hukuncin da ya bi doka, ta kuma haramta korar jama'a a dunƙule. Wanda ya gudo wa yaƙi ko zalunci kuwa, dokar 'yan gudun hijira ta hana a mayar da shi inda ransa yake cikin haɗari, sai dai ya kamata ya yi rajista da hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa.

Wani zai ce, Malam Sakatare, ai doka a takarda take, ranar kora ba a tsayawa karanta sashe. Akwai gaskiya a ciki. A 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta kori baƙi, Hausawan zango da yawa suka bar gidaje da dukiya. A 1983 Nijeriya ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya. Talakawan da abin ya shafa ba su ga ƙofar kotu ba. Amma wannan shi ne ma dalilin yin shiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya dawo da Shugaba Darman gida shi ne shaida a kan asalinsa da mutanen da suka kai ƙara da sauri.

Saboda haka ina ba kowane magidanci shawara kamar haka. Na farko, a yi wa kowane yaro takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Na biyu, a je garin kakanni a karɓo takardar shaidar asali ta ƙaramar hukumarsu tun dattawan da suka san zuriyar suna raye. Kada a sayi ta bogi da sunan wata ƙaramar hukumar Borno, domin ranar bincike takardar ƙarya ita ce za ta fara kayar da mai gaskiya. Na uku, a sani lambar NIN ana ba ɗan ƙasa, ana kuma ba baƙon da yake zaune bisa izini, don haka ita kaɗai ba ta rufe bakin mai tuhuma. Na huɗu, a rubuta sunayen iyaye da kakanni na ɓangaren uba da na uwa, da garuruwan haihuwarsu. Wannan aiki ne da ɗalibanmu na ajin yaƙi da jahilci za su iya yi da hannunsu, mata ma kada a bar su a baya. A ajiye kwafi wajen wani amintacce, tun da mun ga yadda ambaliyar Satumban 2024 ta lalata takardun gidaje da yawa a Maiduguri da Jere.

Idan kuma aka kama wani namu, kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan takardar da bai fahimta ba. Iyalinsa su sanar da bulama da shugabannin ƙungiya nan take, a san ofishin da aka kai shi, a nemi lauya a ranar. Wanda ba shi da hali, akwai hukumar gwamnatin tarayya mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Kuɗin da za a miƙa a ɓoye don a sako mutum yau, ba zai hana a sake kama shi gobe ba.

A ƙarshe ina roƙon a kawo wannan magana a taronmu na gaba, a duba yiwuwar buɗe littafin rajistar gidaje da ƙaramin asusun lauya wanda kowa zai riƙa jefa abin da ya sawwaƙa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya kare mu daga zaluncin mai iko, amin.

Daga Sakataren Ƙungiya