Angurya Da Gishiri Su Ma Kaciya Ne

A kowace shekara, ran 6 ga watan Fabrairu, akan yi taruka a ƙasashen duniya don neman a daina yi wa mata kaciya. Wannan rana kuwa 'yar Nijeriya ce ta yi shelarta, watau marigayiya Stella Obasanjo, a wani taro da aka yi a Adis Ababa cikin 2003. Amma in aka ɗauko zancen a majalisar 'yan Arewa, ko a Sabo ta Yaba, ko Agege, ko Idi-Araba, amsar da akan samu ɗaya ce, wai wannan al'adar mutanen kurmi ce, Bahaushe bai san ta ba. To, laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani.

Gaskiyar magana ita ce Bahaushe ya san abin, sunan kawai ya sake masa. In an haifi 'ya mace, a gidaje da yawa akan kira wanzami kafin suna ko ranar sunan, ya yi askin jariri, ya cire beli, sa'an nan ya duba gaban yarinyar ya yanke abin da ake kira angurya, wai don kada ya hana ta zaman aure. In kuma mace ta daɗe tana naƙuda, ko ta ƙi miji saboda zafi, ko haihuwa ta yi jinkiri, sai tsofaffi su ce gishiri ne, a sa aska ko reza a tsaga ta daga ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa kaciyar mata kashi huɗu, angurya da gishiri suna cikin na huɗu. Wanzami kuwa ya biyo Bahaushe har Ikko da zabirarsa.

Ɓarnar ba ɓoyayya ba ce. Wurin da ake tsagawa yana manne da mafitsara, aska na zarcewa kaɗan sai fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa. Wani likita mai suna Tahzib ya bi bayanin mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka duba a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya buga sakamakon cikin 1983: wajen 13 cikin ɗari yankan gishiri ne ya jawo musu. Duk wanda ya taɓa kai 'yar'uwarsa asibitin Babbar Ruga a Katsina ya ga irin waɗannan mata, yawancinsu ƙanana, wasu miji ya sake su, dangi na ƙyamar zama kusa da su. Ban da wannan akwai zubar jini, wanda jaririya 'yar kwana bakwai ba ta iya jurewa, da cututtukan da aska ɗaya ke ɗauka daga gida zuwa gida.

Duniya ta daɗe tana wannan yaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira taro a Hartum cikin 1979. Cikin 1984 aka kafa kwamitin ƙasashen Afirka a Dakar don yaƙar al'adun da ke cutar da mata da yara. Jamhuriyar Nijar ta haramta abin cikin 2003. A watan Disamba 2012 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi kowace ƙasa ta hana, daga baya aka sa 2030 ta zama shekarar da ake so a gama da shi. A Nijeriya, dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu cikin 2015 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 4, ko tarar da ba ta wuce Naira 200,000 ba, ko duka biyu. Duk da haka, cikin 2024 hukumar UNICEF ta ce mata da 'yan mata fiye da miliyan 230 ne a raye da wannan tabo, binciken lafiya na Nijeriya na 2018 kuma ya nuna mace 20 cikin ɗari an yi musu.

Dalilin wannan jinkiri a fili yake. Takardar da aka sa wa hannu a Niyok ba ta shiga ɗakin mai jego da asubar ranar suna. Masu magana a wurin su ne kakar yarinya, da ungozoma, da maigidan da ya aika a kira wanzami ya kuma biya shi. Masu cewa addini ne su sani manyan malaman Azhar sun zauna a Alƙahira cikin 2006 suka yi kira a daina, saboda cutarwa ce. Angurya da gishiri kuwa tun asali maganin gargajiya ne, ba ibada ba.

Saboda haka nauyin yana kan shugabannin zango. Ya kamata Sarakunan Hausawa na Ikko su tara wanzamai da ungozomai, a zauna da likitoci, a yi alkawari a bainar jama'a cewa aska ba za ta ƙara taɓa gaban 'ya mace ba. Wannan ba zai kashe sana'ar wanzami ba, ga aski, ga ƙaho, ga kaciyar maza. Limamai su faɗa a huɗuba da wurin raɗin suna. Maigidan da ke aika kuɗin suna gida Kano ko Sakkwato ya haɗa da saƙo cewa kada a taɓa masa 'ya. Mai naƙudar da ta wuce yini kuma a kai ta asibiti, ga shi babban asibitin koyarwa na Ikko a Idi-Araba yake, maƙwabcin Hausawa.

Jaririya ba ta da bakin cewa a'a, ubanta ne bakinta. Allah ya sa a gane.